Tambaya da Amsa: Zaɓen Fok Mara Nauyi ga Keken Hawan Dutse

Tambayoyin da suka iso mana a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suka tsaya, wato fok ɗin gaba mai shokzoba, wanda masu gyara a Marwa da Garwa ke kira fursh. Mun zaɓi shida. Ga sunayen sassan kamar yadda za mu riƙa kiransu, don kada a ruɗe. Wuya shi ne bututun da ke shigewa cikin maƙogwaron firam. Kafaɗa ita ce ƙarfen da ya haɗa wuya da sanduna. Sanduna su ne bututu biyu masu sheƙi da ke shiga suna fita. Wando kuwa shi ne ɓangaren ƙasa da sandunan ke nutsewa a ciki, wanda ke riƙe da taya.

Assalamu alaikum. Ina da keke na gwanjo ɗan Turai, taya 26, fok ɗinsa SR Suntour XCT. Nakan hau shi daga Mokolo zuwa Rumsiki. Gaban keken ya yi mini nauyi, kuma duk dutsen da na taka sai fok ɗin ya dawo da ƙara kamar an buga guduma. Wane mara nauyi zan nema?
*Mai karatu daga Mokolo*

Wa alaikumus salam, Malam. Cuta biyu ka faɗa, kuma ta biyun ta fi gajiyar da kai ko da yake ta farkon ka fi lura da ita. XCT yakan kai kilo 2.5 zuwa 2.8 gwargwadon samfurinsa, don wuyansa da sandunansa da sifirin ɗin cikinsa duk baƙin ƙarfe ne. Ƙarar da kake ji kuwa rashin damfa ne. Damfa 'yar na'ura ce a cikin ƙafa ɗaya, inda mai ke bi ta ƙananan huji yana rage saurin dawowar sifirin. Yawancin XCT ba su da ita, saboda haka sifirin yakan matse ya watso da ƙarfinsa duka, bugun ya ƙare a wuyan hannunka. A hanya irin ta Rumsiki, dutse na bin dutse sama da kilomita 50, wannan ne ke kashe yatsu kafin a isa.

Kafin sunan kamfani, ɗauko ma'auni, domin fok ɗin da bai shiga firam ɗinka ba ko kyauta aka ba ka kaya ne kawai.

Fara da wuya. Kwance sitem, wato mariƙin kan keke, ka zare fok ɗin. In kaurin wuyan ɗaya ne daga sama har ƙasa, milimita 28.6, to miƙaƙƙe ne, kuma yawancin kekunan taya 26 da ke shigowa gwanjo haka suke. Sababbin fok masu tsada wuyansu yakan buɗe daga ƙasa ya kai kusan milimita 40. Irin wannan ba ya shiga tsohon maƙogwaro mai faɗin ciki milimita 34, ko me mai gyara zai yi. In faɗin cikin 44 ne, ana iya sa shi da kofin boris na waje a ƙasa. In ka tarar wuyan naka mai tiredi ne da babban noti a sama, sai ka haɗa da kuɗin sabon boris na wuya da sabon sitem, don fok mai iska, wato wanda matsattsiyar iska ke aikin sifirin a cikinsa, ba ya zuwa da tiredi. Wanda wuyan kekensa 25.4 ne, tsohon yayi, ya haƙura ya nemi fok mara shokzoba.

Sai aksul. Naka mai yiwuwa mai ɗan hannun nan ne da ake lanƙwasawa, bakin aksul milimita 9, faɗin hob 100. Na zamani aksul ne mai kaurin 15 da ke ratsa wando, faɗinsa 100 ko 110, na 110 ɗin shi ake kira Boost. Ukun nan ba sa zama a gurbin juna. Sauya aksul na nufin sabon hob da sake ɗinkin sifok, wani lokaci kuɗin ya kusa na fok ɗin kansa.

Girman taya a jikin tayar yake: 559 shi ne 26, 584 shi ne 27.5, 622 shi ne 29. Ƙaramar taya na shiga babban fok in birkin na faifai ne, sai dai gaban keken zai ɗan tashi. Babbar taya a ƙaramin fok kuwa haɗari ne. Tana iya juyawa lafiya a tsaye, amma ranar da fok ya nutse har ƙarshe za ta daki kafaɗa ta tsaya cak, mai keke ya wuce ta saman kai.

Na ƙarshe birki. In naka mai matse gargare ne, duba ko sabon fok yana da 'yan sandunan da ake ɗaura shi, don da yawa daga masu iska ba su da su. In na faifai ne, sababbin fok suna da ramuka biyu masu kallon baya, tsakaninsu milimita 74, tsofaffi kuma kunnuwa biyu na gefe masu tazarar 51. Akwai ɗan ƙarfen haɗi tsakanin biyun, ka saye shi tare, daidai da girman faifanka, 160 ko 180.

Yanzu nauyi. A ƙasa akwai masu sifirin irin naka. A tsakiya akwai masu iska: RockShox Recon Silver ya ɗan haura kilo 2 don sandunansa ƙarfe ne, Suntour Raidon wajen 2, Manitou Markhor da RockShox 30 Gold wajen 1.9, Suntour Epixon wajen 1.8, RockShox Reba wajen 1.6 zuwa 1.7. A ƙoli akwai na 'yan tsere, RockShox SID SL da Fox 32 Step-Cast, kilo 1.3 zuwa 1.4. Waɗannan na ƙoli ka cire su daga ranka, don da buɗaɗɗen wuya da aksul 15 ake yin su, ba za su shiga kekenka ba. Ko da za su shiga, mafi kyawun samfurinsu ya haura sefa 500,000 tun a Turai.

Shawararmu ka tsaya a tsakiya. Daga 2.7 zuwa 1.9 ka sauke giram 800 daga gaban keke, ka samu damfa, ka samu iskar da za ka daidaita da jikinka, kuma za ka ji bambancin tun daga ƙofar gida. Daga 1.9 zuwa 1.3 ka ninka kuɗi sau uku ko huɗu don giram 600, alhali kai da kekenka kun kai kilo 85, kuma a watan Afrilu ruwan shan da za ka ɗauka zuwa Rumsiki ya ninka wannan nauyin. Markhor na cikin 'yan kaɗan da aka yi wa taya 26 da miƙaƙƙen wuya da aksul 9, nutsonsa, wato tsawon da sanduna ke shigewa cikin wando, milimita 100, don haka da shi za ka fara cigiya. Tsohon Reba na 26 mai lafiya ma ya fi shi sauƙin nauyi, in ka bi abin da muka faɗa a amsa ta ƙarshe.

Wajen ɗaurawa, a cire zoben boris daga gindin tsohon wuya a mayar kan sabo, a buga shi da bututun roba na ruwa har ya zauna, ban da guduma da sukundireba. A haɗa komai, a yi alama a saman sitem, a yanke milimita 3 ƙasa da alamar. In ana shakka a bar tsawo a cike da zobba, don abin da zarto ya ci ba ya dawowa. Notin tauraro, wanda ake bugawa cikin wuya don ya riƙe murfin sama, ya shiga zurfin milimita 15. A fara ɗaure murfin sama har wasa ya ɗauke, sannan notunan sitem, wajen Nm 5 (Nm awon ƙarfin ɗaure noti ne).

Ina tsallaka gadar Ngeli kullum daga Kusseri zuwa Njamena da kaya a keke. Fok ɗina ya yi tsatsa ya daina motsi. In saya mai iska?
*Mai karatu daga Kusseri*

A'a, ɗan'uwa, adana kuɗinka. Ƙasarku shimfiɗaɗɗiya ce, abin da ke gabanka kwalta ne da rairayi, kuma shokzoba ba ya maganin rairayi. Fok mara shokzoba na ƙarfe kilo 1.1 zuwa 1.4 ne, wato ya kai na 'yan tsere sauƙi, ba ya neman mai, ba ya tsoron ƙura, kuma yana karɓar kariya ta gaba, wato ƙarfen ɗora kaya. Wandon fok mai iska da maganiziyam ake zuba shi, siriri ne, in aka matse shi da ƙarfen kariya yakan lotsa ya kama sanda.

Abu ɗaya za ka kiyaye, tsawo. Auna daga tsakiyar aksul zuwa saman kafaɗar tsohon fok ɗin, ka rage milimita 20 zuwa 25 na abin da yake nutsewa in ka zauna. Fok na taya 26 mai nutso 100 yakan kai wajen 470, ke nan mai 445 ko 450 kake nema. In ka sa gajeren fok na keken gari mai ƙasa da 400, gaban zai faɗa, feda ta riƙa taɓa ƙasa, kan ya yi rawa a hannu. Laushin da kake so kuwa a taya yake: sa mai faɗin inci 2.2 zuwa 2.4, iska wajen bar 2 a agogon famfo, ka ƙara kaɗan a ta baya in kaya sun yi nauyi.

Kekena ya zo da fok mai nutso 100. Na samu mai 140 da araha, ina so in sa don gangaren da ke kewaye da Ngaundere. Akwai matsala?
*Mai karatu daga Ngaundere*

Akwai, Malam. Duk milimita 20 da ka ƙara, kusurwar maƙogwaro na kwantawa da kusan digiri 1, gindin feda ya tashi, sirdi ya koma baya. Da ƙarin 40, a hawan tudu tayar gaba za ta riƙa ɗagawa tana yawo, a kwana kuma kan ya riƙa faɗawa gefe. Wannan ƙaramin abu ne in an kwatanta da na biyu. Doguwar ƙafa tana ƙara ƙarfin da ke murɗa maƙogwaro duk lokacin da ka taka birki ko ka daki rami, kuma firam na alminiyam da aka yi don 100 yakan fara tsagewa a waldar da ke ƙarƙashin maƙogwaro, inda ido ba ya yawan zuwa. Iyakar da ake yarda da ita ƙarin 20 ne, wato 120.

In abin da ke damunka shi ne fok ɗin na lanƙwasawa a gangare, kaurin sanda kake bukata. Sanda mai kaurin milimita 30 ko 32 ta ishi mai kilo 60 zuwa 80. Wanda ya haura 90, ko mai son gudu a cikin duwatsu, ya nemi 34 ko 35 ya yarda da ƙarin giram 200 ko 300.

Assalamu alaikum. Nauyina kilo 52, tsohon fok mai sifirin ba ya ko motsi in na hau, shi ya sa na sayi RockShox mai iska. Mai faci ya hura mini shi da injinsa, yanzu ya zama kamar taɓarya. Ya lalace ne?
*Mai karatu daga Garwa*

Wa alaikumus salam, Malama. Zaɓinki daidai ne. Sifirin ɗin da kamfani ke sawa an yi shi ne don matsakaicin namiji, mai jikinki ba zai taɓa samun rabin nutsonsa ba. Kuma in sha Allahu fok ɗin bai lalace ba, iska ce ta yi yawa. Bawul ɗinsa iri ɗaya ne da na mota, shi ya sa injin mai faci ke kama shi, amma ɗakin iskar bai kai ƙaramin kofin shayi biyu ba. Inji yana cika shi cikin ƙiftawar ido, babu yadda za a auna, kuma yakan tura ruwan da ya taru a tankinsa. Ki nemi ƙaramin famfon fok mai agogo, wanda ke kaiwa psi 300, wato wajen bar 20. Duk mai sayen fok mai iska ya sa kuɗin wannan famfo a lissafi tun farko.

Ga yadda za ki daidaita. Buɗe makullin da ke saman ƙafar dama, mai hana fok nutsewa. Ɗaura famfon, ki rage iska a hankali da ɗan maɓallinsa har ki kai abin da aka rubuta wa nauyinki a takardar da ke manne a bayan wando. Kowane ƙari ko ragi na psi 10 ko 15, ki danna fok ɗin sau biyar ko shida. Dalili shi ne akwai ɗakin iska na biyu a ƙasa wanda ke daidaita kansa da na sama ta wata 'yar ƙofa, kuma sai fok ya motsa iska ke ratsa ta. In aka sace iska gaba ɗaya a lokaci guda, fok yakan tsotse ya gajarce.

Takardar mafari ce kawai, gwaji ne ke yanke hukunci. A kan sanda ɗaya akwai zoben roba, in babu ki ɗaura zare. Wani ya riƙe miki keken, ki hau da jaka da ruwan da kika saba ɗauka, ki miƙe a kan feda, ki danna sau biyu, ki tsaya shiru. A tura zoben ƙasa ya taɓa bakin wando, ki sauka a hankali ba tare da kin danna ba. Tazarar zoben da bakin wando ta zama milimita 15 zuwa 25 a fok mai nutso 100. In ba ta kai ba, rage psi 5, in ta wuce, ƙara 5. Ƙarar iskar da kike ji sa'ad da kike kwance famfo daga tiyo take fita, ba daga fok ba, kada ki ƙara don ita.

Saura dawowa. A ƙasan ƙafar dama akwai ɗan jan maɓalli, RockShox sukan zana kunkuru a gefe ɗaya, zomo a ɗaya. Mai ƙaramin jiki iskarta kaɗan ce, don haka ƙarfin turowa kaɗan ne, ki karkata wajen zomo. Danna kan keke da ƙarfi ki sake: ya dawo da sauri amma kada taya ta bar ƙasa. In ya yi jinkiri, a hanya mai gargada zai riƙa nutsewa bai gama dawowa ba har ya ƙare ya taurare.

Zafin Garwa ma yana da hannu a ciki. Iskar da aka sa psi 80 da sanyin asuba na digiri 20 za ta kusa 87 in rana ta kai 42, mai kuma ya tsinke, dawowa ta ƙara sauri. Ki daidaita a irin lokacin da kike hawa, ki sake dubawa in bazara ta shigo, kuma kada keken ya wuni a rana.

Ni mai gyaran keke ne. Yanzu ana kawo mini masu iska, suna zuwa da baƙin datti a sanda, wasu suna makalewa. Yaya ake wanke su, kuma zan iya sa baƙin mai ko man shokzoban babur?
*Mai karatu daga Marwa*

Sannu da aiki, Malam. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ƙasarmu, don abin da ke kashe fok daga Marwa har Njamena ƙurar hunturu ce, kafin dutse ya samu rabonsa. A bakin wando akwai robar share ƙura, a ƙarƙashinta zoben soso mai riƙe mai, can ciki kuma bushi biyu da sanda ke zamewa a kansu. Man da ke cikin kowace ƙafa ɗan kaɗan ne, yawanci mililita 5 zuwa 15. In ƙura ta cika soson ya bushe, sai ya zama sanfefa, ya cinye rufin da ke kan sandar alminiyam. Da zarar ka ga wani wuri ya yi fari a sanda baƙa ko mai ruwan zinariya, aikin gama ya gama, don sanduna da kafaɗa da wuya a haɗe ake sayar da su, kuɗinsu yakan kai rabin sabon fok.

RockShox sun ce a wanke wando kowace awa 50 ta hawa, Fox sun ce cikakken gyara kowace awa 125 ko shekara guda. Wannan lissafin ƙasashen da ƙura ba ta rufe rana ne. Mu a nan, daga Disamba zuwa Maris, awa 25 zuwa 30 ya fi, wato wata-wata ga mai hawa kullum. A sake yi bayan damina, musamman ga wanda ya ratsa rafi ko ya shiga taɓo.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Cire taya da birki, ka rufe faifai da takalman birki nesa da mai. Rubuta yawan iskar da ke ciki, sannan ka sace ta duka a hankali. Kada ka taɓa kwance komai da iska a ciki. Zare maɓallin dawowa. Sassauta notunan ƙasan wando zagaye uku ko huɗu, a RockShox alanki 5 ne, ka buga kansu da gudumar katako har sandunan ciki su saki. Cire notunan, mai ya zube a kwano, ka zare wandon. Dubi man: in ya yi toka-toka, alminiyam ya fara ci. Ciro soson da tsinke, ka matse shi cikin tsumma mai tsabta, in ya yage a sauya. Wanke cikin wando da ruwan sabulu ko alkol na kantin magani, da tsumma a kan sanda, ya bushe sarai. Fetur da kananzir suna kumbura roba, ka nisanta su. Jiƙa soson cikin sabon mai ka mayar, shafa giris mai laushi a leɓen robar, ka shigar da wandon a hankali kada leɓen ya naɗe. Kafin ka tura shi har ƙarshe, juya fok ɗin ƙasansa ya kalli sama, ka zuba man ta ramukan noti da sirinji, daidai awon da kamfanin ya rubuta wa wannan samfuri. Mai in ya yi yawa yana hana fok kaiwa ƙarshen nutsonsa, har ya turo robar waje. Sa sababbin washa, ɗaure wajen Nm 7, mayar da iska.

Batun mai. Baƙin mai da aka sauke daga inji cike yake da garin ƙarfe, ko kusa kada ya zo. A wando, RockShox na da suna amfani da mai lamba 15 (lambar awon kaurin mai ce), na bayansu 0W-30 nasu, Fox kuma nasu lamba 20. In waɗannan ba su samu ba, sabon man shokzoban babur lamba 15 yana aikin wando. Cikin damfa kuwa wani zance ne: a can kaurin mai shi ne komai, yawancin RockShox na tsakiya lamba 5 suke sha, mai kauri zai sa fok ya yi kasala, makulli ya ƙi aiki daidai. In damfar ba ta yoyo, bar ta. Giris ma kada ya zama baƙin nan na boris ɗin mota, yana da ɗanko, yana riƙe sanda. Irin su SRAM Butter ko Slick Honey ake so, ƙaramin gwangwani ɗaya ya isa fok da yawa. Su XCT da XCM ba sa shan mai a wando, giris kawai ake shafa musu.

Makalewar da ka ambata, in bayan wankin ba ta tafi ba kuma fok ɗin ya gajarce, giris ne ya toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin ɗakunan iska biyu. Taka taya, ka ja kan keke sama da ƙarfi har ka ji ɗan huci. In ya sake, sai an buɗe ɓangaren iska an sauya zobban roba.

Ka gaya wa masu kekunan su goge sanduna da tsumma bayan kowane hawa, kuma kada su kai keke wurin wankin babur a nuna wa bakin wando tiyo mai ƙarfi, yana tura ruwa da yashi ciki.

Wani ya turo mini hoton fok na hannu daga Duwala ta WhatsApp, ya ce Fox ne, kuɗin ya yi sauƙi ƙwarai. Me zan duba kafin in biya?
*Mai karatu daga Gidar*

Alhaji, gani ya kori ji, kuma a fok taɓawa ta fi gani. In zai yiwu kada kuɗi su fita sai wani naka ya riƙe shi a hannu. Akwai masu manna takardar Fox ko RockShox a kan fok mara suna. Na gaske yana da lamba a bayan kafaɗa ko a jikin wando wadda ake iya bincikawa a shafin kamfanin a intanet. A nemi hoton lambar, da hoton fok ɗin a kan sikeli. Fox 32 da ya haura kilo 2 abin tuhuma ne, haka in maganaɗisu ya kama sandunansa, don Fox ba sa yin su da baƙin ƙarfe.

Abin da aka fi yin asara a kansa a fok na hannu shi ne tsawon wuya, tunda mai shi na farko ya riga ya yanke daidai kekensa. Auna wuyan naka daga kafaɗa zuwa sama, ko ka haɗa tsawon maƙogwaro da kaurin boris na sama da na ƙasa da wajen milimita 40 na sitem. A sa wa wuyan fok ɗin na Duwala tef a hoto. In ya gaza, kada wani ya ce zai ƙara da walda, a nan ne rai yake rataye.

Wanda zai duba maka ya bi sanduna da farce, ya kuma duba bayan sandunan inda ci ke farawa. Ƙaramin ƙarce ana goge tsininsa da sanfefa lamba 1000, a cike da jan farce, a sake lallashewa. Wurin da ya yi fari ba shi da magani. Ya riƙe wandon tsakanin gwiwoyinsa ya girgiza wuyan gaba da baya: in akwai ƙwas-ƙwas, bushi sun ci. Ya danna ya sake, ya juya maɓallin dawowa ƙarshe zuwa ƙarshe, dole a ji bambanci, makulli kuma ya riƙe. Ya sa iska ya bar shi ya kwana ya sake aunawa. Ya duba kafaɗa da bakin aksul da gadar wando da tocila don tsaga ko fenti da ya kumbura, alamar maganiziyam ya fara ruɓewa a ƙasa. In ya kwantar da fok ɗin ya hango ƙafa ɗaya ta saɓa da ɗaya, ko duka sun koma baya, keken ya taɓa cin karo. Alminiyam da ya lanƙwashe ba a miƙe shi, a bar wa mai shi kayansa.

In duk ya wuce, tambayi shekarar samfurin ka tabbatar ana samun robobin ƙura da soso na kaurin sandarsa, 30, 32 ko 34, ka sa a haɗo maka saiti biyu cikin kwalin, tare da famfo da ƙaramar kwalbar mai. Ranar da ya iso Gidar, kafin ka hau, a wanke wandon a zuba sabon mai, don ba ka san yaushe mai shi ya yi na ƙarshe ba.